Kafin 'Ya'yan Kofi Su Yi Ja

Gubaira, Riyad

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a cikin jirgi, ko a tashar mota a Jalingo, ko bayan ka hau dutsen Mambila. Allah Ya tsare hanya, Ya kai ka lafiya, Ya sa ka tarar da mutanen gida lafiya.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da bango ɗaya ne ya raba ɗakinku. Duk lokacin da na zaunar da kai zan yi maka magana, sai in ji ina maimaita maka aljihun da za ka sa fasfo, abin da ke raina kuma ya ƙi fitowa. Ban da haka, da Hausa nake so ka ji wannan zance, ba da Larabcin da kake amsa mini da shi ba. Karanta a hankali. Kalmar da ta gagare ka, ja mata layi, in ka isa ka tambayi Inna, mahaifiyata. Za ta yi maka dariya, amma za ta gaya maka, kun sami abin hira ke nan.

Ka san dalilin tafiyarka na fili. Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ba za ta sake sabuntuwa a ƙarƙashin sunana ba, kai kuma ka ce ka fi son gona da yawon neman kafil, ɗan ƙasar da zai tsaya maka. Akwai abin da ban fayyace maka ba. Baffanka Sale, yayana, ya ce tsinkar bana ce ta ƙarshe da zai jira. Idan 'ya'yan kofi suka sake nuna suka zube ƙasa don babu masu tsinka, zai sare gonar duka ya dasa turare, irin wanda ake yankawa a yi katako. Gonar nan Malam Haruna, mahaifina da ka ci sunansa, shi ya dasa ta da hannunsa a gangaren bayan gidanmu a Mambila. Kada ka ɗauki Baffa da mugunta. Ni na kai shi inda yake tsaye, kuma zan gaya maka yadda aka yi, don kada ka bi sawuna.

Kuskurena na farko rashin tambaya. A cikin kofi na tashi. Tun ban isa ɗaukar kwando ba ake zaunar da ni a bakin tabarma in kori kaji daga shanya. Na tsinka, na wanke, na ɗauki buhu zuwa bakin hanya inda motar masu saye take tsayawa. Amma ban taɓa tambayar inda motar take kai shi ba, kuma ban taɓa sha ba. A gidanmu shayi ake sha. Malam yakan ce kofi abin Turawa ne, mu namu nomawa, ni kuma na karɓi maganar yadda ake karɓar sunan gari.

Ranar da na fara tuƙi a shagon Abu Fahad da ke Badi'a, inda ake soya kofi ana niƙawa, an zaunar da ni, aka miƙo dabino, aka zuba mini wani ruwa rawaya mai ƙamshin hel, kayan ƙamshin nan na Larabawa, a finjal, ɗan ƙaramin kofin tangaran. Na shanye na miƙa, don in mayar wa mutane kayansu. Aka sake zubawa. Na sake shanyewa na miƙa, aka sake zubawa. Kai tun kana rarrafe ka san sai an ɗan girgiza finjal kafin mai zubawa ya san an ƙoshi, ni kuwa ba wanda ya gaya mini. Ban san ko nawa na sha ba, kuma ba zan ƙirƙiro maka adadi ba. Abin da na sani shi ne hannuna ya fara rawa da kansa, finjal ya girgiza, mai zubawar ya karɓa ya wuce. Da aka shiga da ni sito don in ga kayan da zan riƙa ɗauka, na tarar da buhu a buɗe. Na sa hannu, sai ga ƙwayar gonarmu, da tsagar nan a cikinta.

Na ce, da Larabcina na lokacin wanda rabinsa nuni ne, "Wannan fa?"

Abu Fahad ya ce, "Shi ka gama shanye mana yanzu."

Ina ɗan mai gonar kofi, sai da na ƙetare teku na san ɗanɗanonsa. Don haka ka riƙa tambaya, Abba, ko da za a ce da kai baƙo. Ni kaina akwai abubuwan da nake so ka tambayo mini. Ina Malam ya samo irin da ya dasa? Na taɓa jin an ce daga ƙetaren iyaka ne, ta wajen Kamaru, amma ji ne kawai, Inna ce za ta tabbatar. Me ya sa bishiyoyin da ke ƙarƙashin piya a bakin rafi suke makara wajen nuna, amma ƙwayarsu ta fi nauyi? Littafi ya ce inuwa ce. Ina so in san ko Baffa ya yarda da littafin. Sannan wata rana ka soya kaɗan a kasko, sama-sama yadda ake yi a nan, ka daka, ka sa hel ɗin da Ummanka ta ƙulle maka, ka zuba wa Inna. Ta kai shekarun da ta kai tana shanya abin nan. Ka rubuto mini abin da ta ce, kalma da kalma, kada ka gyara.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma da niyyar alheri na yi shi.

Kofi ba ya nuna lokaci ɗaya. A reshe guda za ka ga kore, ka ga rawaya, ka ga ja, kuma ja kaɗai ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya, da yatsu. A bar sauran, a dawo bayan 'yan kwanaki, a sake dawowa. Wanda aka tsinka kuma a ranar ake ɓare shi, in ya kwana a tsibi sai ya yi tsami. Babu gidan da yake da hannun da zai iya wannan shi kaɗai, shi ya sa garinmu yake da gayya. Ana zagayawa gida gida. Yau gonar wane, jibi ta wance. Mai gona ya tuƙa tuwon masara, ya yanka abin da ya samu, mutane su zo da kwandunansu. Ba a tambayar wa ke zuwa masallaci, wa ke zuwa coci, ko wane yare ake yi a gidanka. Abin da ake tambaya ɗaya ne, kuma ba a furta shi: ran da aka yi tamu, wa kuka turo?

Da Malam ya rasu, ni ina nan, ƙannenmu mata sun yi aure nesa, sai ya zama Yaya Sale kaɗai ke zuwa gayyar mutane da sunan gidanmu. Na kira shi wata rana na ji yana haki, ya ce daga gonar wani yake, bayansa ya riƙe. Abin ya tsaya mini a rai. Ga ni a mota mai sanyi, yayana yana hawan gangare a gonakin mutane. Sai na ce masa daga bana ya huta, zan turo abin da za a ɗauko 'yan ƙwadago daga Gembu, a biya su bisa mudu, kada ya sake wahalar da kowa, kada kowa ya wahalar da shi.

Ya ce, "Idi, ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ban tambaye shi abin da ya gani ba. Da na tambaya, watakila da ba na rubuta wannan takarda.

Wanda ake biya bisa mudu, mudu yake so ya cika, kuma ba na ganin laifinsa, ni ma bisa kai kaya ake auna aikina. Sai ya kama reshe daga tushe ya zuge shi zuwa ƙarshe, kore da ja da ganye duk su faɗa kwando. Ban san haka ake yi ba sai da wani ɗan garinmu ya zo Umra, Yaya ya ba shi ƙullin ƙwayarmu ya aiko mini. Na kai wa Abu Fahad ina taƙama. Ya zuba a faranti, ya baza da yatsa, ya shinshina. Sai ya fara warewa, baƙaƙe gefe guda, fararen da ba su ƙosa ba gefe guda, masu kyau a tsakiya. Na tsakiyar ba su da yawa.

Ya ce, "Abu Haruna, ƙasar da ta ba da waɗannan ƙasa ce mai albarka. Amma wanda ya tsinka yana sauri. Fushi yake da ku?"

Ni ne na yi fushi. Na kira Yaya na ce ya bar 'yan ƙwadago suna ɓata mana gona, me ya hana ya kira mutanen gari? Inna ce ta karɓi wayar. Ta ce, "Idi, wa zai kira? Shekara nawa rabon gidan nan da gonar wani? Ka ce ka raba mu da wahala. To, ka raba mu."  A zatona gayya nauyi ne da talauci ya ɗora wa mutane, wanda Allah Ya buɗa masa sai ya sauke. Ashe a idon gari, gidan da ya daina tura hannu ya ce ne ya fi ƙarfin maƙwabta. Ba wanda ya zage mu. Ana gaishe da Inna, ana zuwa mana suna da jana'iza. Kwanduna ne dai suka daina biyowa ta hanyar gidanmu. Daga baya 'yan ƙwadagon ma suka sami aikin da ya fi namu a wajen masu katako, sai bara 'ya'ya suka nuna suka bushe a reshe, wasu suka zube, Yaya da matarsa suka tsinci abin da suka iya.

Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, in ka ga mutane suna wani abu da ya yi maka kama da wahala marar dalili, kada ka yi saurin sauke musu. Zauna ka ga abin da wahalar take riƙe da shi.

Da na gane an yi ɓaraka, sai na ce bari in gyara, nan na yi kuskure na uku. Na ga hotunan yadda ake shanya kofi a wasu ƙasashe, a kan daɓen siminti mai faɗi, na ce wannan zan yi wa gari kyauta. Ban shawarci kowa ba sai Isuhu, mutumin Maraɗin nan mai tuƙa tankar ruwa da ke saman benenmu.

Ya ce, "Wanga gari naku, rana na da ƙarfi?"

Na ce, "Rana ai rana ce."

Ya ce, "To. Ni dai gero na sani."

Aka zuba daɓe a bakin kasuwa. Na mance, ni da na tashi a wurin, cewa a kan dutsenmu gajimare har cikin gari yake saukowa da safe, raɓa tana jiƙa komai, siminti kuma yana riƙe sanyi har rana ta ɗaga. Wanda ya shanya a kai sai ƙwayar ta yi fumfuna ta ƙasa. Mutanenmu tun da can a kan gadon kara suke shanya, an ɗaga shi daga ƙasa, iska tana bi ta ƙarƙashi, in hadari ya taso a naɗe tabarma a shige ɗaki. Shekarun Riyad sun sa na ɗauka ko'ina abu bushewa yake da kansa. An ce mini yanzu awaki ne ke kwana a daɓen, yara kuma suna buga ƙwallo, ban gani da idona ba. An kuma ce abin da gari yake ta magana a kai a lokacin shi ne gadar katakon rafi da ta ruɓe, wadda mata ke bi da kaya a ka. Da na tambayi mutum ɗaya a garin, da na ji.

In Allah Ya hore maka abin da za ka yi wa gari, ka fara sauraron abin da suke kuka da shi a bakin masallaci da bakin rafi. In ka wuce ta daɓen ka ji ana kiransa da sunana, ka yi dariya tare da su. Sun cancanci dariyar. Ka duba mini kuma ko gadar tana nan yadda take.

Daɓen nan ne ya tura ni makaranta. Na ga ban san ƙasar da na fito ba, ban san itacen da ya ciyar da ni ba, sai na shiga karatun noma daga nesa. Kai shaida ne, ka sha ganina da littafi a kan sitiyari ina jiran a sauke kaya a Nasiriya, kuma kai ka koya mini yadda ake tura aikin gida ta kwamfuta, kana cewa "Yalla, Baba, danna kawai." Bana na gama, da furfurata. Isuhu ya daina kirana da sunana, sai Dakta. Ran da na nuna masa takardar shaida ya juya ta gaba da baya ya ce, "Dakta, a ina aka rubuta yadda za a ba mutanen gari haƙuri?" Na ce ba a kai nan ba. Ya ce, "Kenan akwai sauran aji."

Karatun gaskiya ne, ba na raina shi. Na koyi cewa bishiyar kofi in ta tsufa ta yi tsawo, 'ya'yanta suna raguwa, kuma maganinta a sare ta daidai gwiwa, a karkace saran don kada ruwa ya kwanta a kai, sai ta fito da sababbin rassa. Ba a yi wa gona duka lokaci ɗaya, layi layi ake bi, don gida kada ya rasa abin tsinka kafin sababbin su fara haihuwa. Har yanzu na yarda gonarmu tana bukatar haka. Kuskurena na huɗu shi ne yadda na faɗa. A makon da sakamako ya fito, kaina yana hayaƙi, na ɗauki waya na yi wa Yaya saƙon murya mai tsawo. Na sake saurarensa daga baya, shi ya sa nake da tabbaci: ban gaishe shi ba. Da "Abin da za a yi shi ne" na fara. Na jera masa layin da za a sare, da irin zarton da za a saya, kamar ina magana da sabon ma'aikaci.

Amsarsa gajeriya ce. Ya ce, "Idi, barka da gama karatu. Ka bar gonar nan kana saurayi, yanzu littafi ya ce maka a sare. Wa zai kula da tsiron? Wa zai tsinki wanda aka bari? In sara ce, ni ma na iya. Turare ba ya neman gayya." Daga nan ya sa wa'adin da na gaya maka.

Yana da gaskiya, Abba, kuma ina so ka riƙe wannan. Turare yana shanye ruwan ƙasa, wannan na karanta, na kuma ji masu gonakin bakin rafi suna faɗa. Amma mutumin da bayansa ya riƙe, wanda ya kalli amfanin shekara yana zubewa, ba a yi masa wa'azin ruwan ƙasa daga Riyad. In ka isa, kada ka ambaci sara, kada ka ambaci digirina. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi bayan, ka tambayi matarsa, ka karɓi aikin da ya ba ka ko da korar kaji ne. In wata rana shi da kansa ya tambaye ka me ubanka ya karanto, ka ce akwai magana a kan tsofaffin bishiyoyi, a gwada a layi ɗaya in ya yarda. In bai tambaya ba, bana ba shekararta ba ce.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Akwai wata mata a garinmu, Mama Rifkatu, gidanta na ƙetaren rafi. Ita ke tsara zagayen gayya tun ina yaro, ba wanda ya naɗa ta, amma in ba ta ce jibi gonar wane ba, ba a zuwa. Ita da Inna tare suka yi 'yanmatanci. Na daɗe ina jin nauyin kiranta. Makon jiya na nemi lambar jikanta, na kira, aka kai mata. Wannan karon na yi gaisuwa har ta gaji. Sannan na ce na yi kuskure, ina roƙo a mayar da gidanmu cikin zagaye, duk abin da ake bukata na abinci zan turo.

Ta ce, "Idi ɗan Malam Haruna, har yanzu turowa kake?"



Ta ƙara da cewa, "Tuwo ba ya tsinkar kofi. Mu ba mu kore ku ba, ku kuka zauna. An ce kana da ɗa."

Na ce, "Ina da shi, Mama. Yana ma tahowa."

"Yana da hannu?"

"Yana da su. Sai dai a birni ya tashi, Hausarsa ma..."

Ta katse ni. "Masara ba ta jin Hausa. Tawa ta kusa isa karya. In ya zo, ya zo. Sauran kuma sai mun gani."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta yi alkawari ba, kuma ba zan gaya maka ta yi ba don in kwantar maka da hankali. Masara tana riga kofi isa. Tsakanin isarka da lokacin da 'ya'yanmu za su fara ja, za a yi gayyar gonaki da dama, kuma a kowace za a duba ko gidan Malam ya turo. Kai ne abin da muke da shi.

Na san abin da nake roƙonka, kuma a nan ne laifina gare ka yake. Ban kai ka gida ba sai sau ɗaya, kana goye. Kullum ina cewa sai baɗi. Na bar ka ka tashi kana mafarki da Larabci, hannunka bai san fartanya ba, yanzu kuma ina tura ka ka biya zuwan da ni ban yi ba. Ba umarni nake ba ka ba. Ummanka ta ce in gaya maka haka a fili, kuma tana da gaskiya. In ka je ka ga ba za ka iya ba, faɗa mini, ba zan ƙullace ka ba. Amma in za ka yi, yi shi sosai.

Ka riga mutane isa gona. Ka tafi da kwandon gidanmu, kada ka ari na wani. Hannunka zai yi kanta, kafin nan zai yi ƙuna, kada ka sa safar hannu a ranar farko, za ta zama sunanka har ka tsufa. Suna dai za su sa maka, Balarabe ne ko wani abin da ya fi shi zafi, ka amsa. In aka kawo tuwo, ka zauna a ƙasa cikin samari ka ci da hannu, kada ka ce ka ƙoshi. In ba ka gane abin da aka ce ba, don za ka ji Fulatanci da yaren Mambila sun fi Hausa yawa a wasu gonakin, dubi hannun na kusa da kai ka yi yadda ya yi. In an gama, kada ka tambayi yaushe za a zo tamu. Ba a tambaya. Ka ce sannunku da aiki, ka ɗauki kwandonka. Rigar sanyin da na sa maka a ƙasan jaka ka fito da ita tun daga Serti, kafin mota ta fara hawa, sanyin can ba irin na nan ba ne, yana zuwa da laima. Ka tafasa ruwan sha har cikinka ya saba. In ruwa ya cika rafi kada ka bi gadar nan sai ka ga wani ya bi.

Ina yawan tunanin yadda za ta kasance. Ko matasan yanzu suna waƙa a gona yadda muke yi, ko waya ta cinye wannan ma? Ko Mama Rifkatu tana iya hawa gangare, ko daga ƙofar gida take ba da umarni? Ko za su gan ka su ga Malam, don Inna ta ce a hoto goshinsa ne da kai? Ban sani ba. Na saba in ban san abu ba in buɗe littafi, wannan kuwa sai dai in jira.

Abu biyu ne za su iya faruwa, kuma ina so ka ji matsayina a kan kowanne tun yanzu, don kada ka tsaya jiran waya.

Idan 'ya'ya suka yi ja aka tuƙa tuwo, rana ta ɗaga ba wanda ya zo, ku tsinki abin da kuka iya, kai da Baffa da matarsa. In ya ɗauko gatari bayan haka, kada ka yi masa gardama, kada ka ce Babana ya ce. Ka kama masa aikin. Shi ya zauna da gonar nan shekarun da ni ban zauna ba, hukuncinta nasa ne. Gara mu rasa itacen Malam da mu rasa ɗan Malam. Kuma ko an sare, gayya ta gaba ka je. Ba don kofi kaɗai nake so a san gidanmu da zuwa ba.

Idan kuma da safe ka ji muryoyi suna tahowa ta hanyar rafi, kada ka kira ni, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa. Ka fita ka tarye su, ka karɓi kwandon tsofaffi, ka kai ruwa, ka tsaya a bayan Baffanka ya yi musu maraba, don shi ne mai gida. Ni zan iya jira har yamma. Na iya jira har washegari ma.

Allah Ya kiyaye ka a sama da ƙasa, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, Ya ba ka ƙarfin jiki da sanyin zuciya. Allah Ya sa mutanen gari su karɓe ka, Ya sa ka zama alheri gare su. Ya jiƙan Malam, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sassauta wa Yaya ciwon bayansa. Ka gaishe su duka, ka gaishe da Mama Rifkatu da kyau, ka durƙusa. Ummanka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka, Isuhu ma ya ce a gaishe da ɗan Dakta.

Na bar ka a hannun Allah, wanda ajiyarSa ba ta ɓata. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Idris